Bargon da Iya 'Yardada Ta Ba da Aro

A unguwar Madabo ta birnin Kano in ka tambayi gidan Malam Nata'ala sai an tsaya an yi 'yan tunane-tunane, amma ka ce gidan mai ƙyallaye, kafin ka rufe baki an nuna maka lungun. Mai ƙyallayen ita ce matarsa, Iya 'Yardada, wata gajeruwar tsohuwa mai kaifin harshe, wadda ta ɗauki haɗa bargo da guntayen atamfa kamar shi aka aiko ta duniya ta yi. Ba sana'a ba ce, don ba ta taɓa sayar da ko ɗaya ba. In ka taya, ka zage ta. In kuma ka gani ka wuce ba ka yaba ba, to ka nemi mai amsa maka gaisuwa a wani gidan.

Da ta sha kokon safe za ta baje tabarma a gindin rumfa, ta fito da kwallaye. Sauran mata jere suke yi da nasu don a san daga gidan arziki suka fito. Ita nata cike suke da ƙyallaye, ja da ja, kore da kore, na shadda daban, na atamfa daban. Tana da wani guntun kwali da ya yi baƙi don shan hannu, shi take ɗorawa ta yanka kowane ƙyalle daidai da ɗan'uwansa. Sai ta haɗa su da allura da zare, ta shimfiɗa audugar da take karɓowa wurin mai katifa, ta sa tsohon zanen gado a baya, ta bi duka da ƙananan ɗinki har audugar ta kwanta luf. Keken ɗinki kuwa ko ƙararsa ba ta ƙaunar ji, cewa take na ragwaye ne.

Telolin kasuwar Kurmi sun santa sarai. Da sun hango ta sai su tura buhun ƙyallaye ƙarƙashin benci da ƙafa, don ba kwasa kaɗai take yi ba, sai ta ɗaga rigar da mutum yake ɗinkawa ta nuna masa inda ya karkace a gaban mai rigar. A gidan biki ma ba a tsira ba. Ana cikin gaisawa za ki ji tana murza bakin zanenki da yatsu biyu, ta ce, “Wannan in ya kwana biyu kada ki ba kowa.” Shi kansa Malam Nata'ala, tsohon mai sayar da turare, mutum mai haƙuri, ya koyi kulle rigunansa a adaka tun ranar da ya ga aljihun rigarsa ta Juma'a a tsakiyar wani bargo. Da ya yi magana ta ce ai ta ga kamar ya daina sawa.

Duk wannan a garin da rabin shekara mutane ke fitowa tsakar gida da mafici suna neman iska. Barguna sun cika saman gadonta har sun kusa taɓo azara, ba mai lulluɓa. Akwai wanda ta haɗa da ankon bukukuwan unguwa, mata kan zo su tsuguna a kansa suna nuna auren da ya mutu da wanda yake hanya. Akwai wanda ta fara wa ladanin masallacinsu ba tare da ya nema ba, ta bari a rabi saboda ya gaishe ta a tsaitsaye. Akwai kuma guda ɗaya da ba ta fito da shi sai ta wanke hannu.

Wannan ɗayan da zannuwan Rahma ta yi shi. Rahma 'yarta ce ta fari, kuma Iya 'Yardada ta yi mata kunyar da har yau ake ba da labari a Madabo. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai “waccan” ko “yarinyar nan”. Ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba, in yarinyar ta shigo ɗaki sai ta kawar da kai ta kama wani aikin. Ko a wurin ta'aziyya in ana cewa Allah ya yi rahama, ita Allah ya jiƙa take cewa. Rahma ta rasu wurin haihuwa ta bar jaririya, Khadijat. Ranar ma Iya 'Yardada ba ta zubar da hawaye a gaban kowa ba, tsofaffi suka yi ta yabo, wai irinsu sun ƙare. Da aka zo rabon gado ta sunkuyar da kai ta ce a ba ta kasonta a zannuwa. Ta ninke su a adaka, ta ɗauki jaririyar ta raina.

Sai da Khadijat ta girma, ta shiga kwalejin koyon malanta, ta kawo saurayinta wani malamin makaranta ɗan unguwar Sheshe aka sa rana, sannan Iya 'Yardada ta buɗe adakar. Ta yanka zannuwan a hankali, ta jera su, ta warware, ta sake jerawa. Ba ta gaya wa kowa na waye ba, ba ta kuma ce na wa take yi wa ba. Ita Khadijat ta sani, Malam ya tsegunta mata, amma jika da kaka ai sai tsokana.

“Iya, ni fa kada a kai min wannan tarkacen ɗakina, dangin miji su ɗauka bola muke tsinta.”

“Wa ya ce naki ne, mai ƙaton goshi? Ke har kin kai a yi miki abin kirki?”

Daga nan kowa ya kama gabansa, zuciya fes. Abin da Iya 'Yardada ke so a duniya bai wuce ranar jere a shimfiɗa bargon nan a gadon Khadijat ba, yarinya ta tare a gidan mijinta da zannuwan uwar da ba ta taɓa gani ba.

A shekarar ce soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, kowane lungu ya samu nasa babban mutum. Na su Iya 'Yardada shi ne Ɗalha, wanda a da yake gyaran risho a bakin titi, aka wayi gari ya zama kansila. Matarsa Luba ba ta ɓata lokaci ba. Ta ga matan manya a talabijin kowace da ƙungiyarta, ita ma ta sayi baƙin tabarau da ƙatuwar jaka, ta ƙara wa ɗaurin ɗankwalinta tsawo, ta kafa ƙungiyar koya wa mata sana'a. An yi zama, an sha lemo, an ɗauki hotuna, amma ba a taɓa zura zare a allura ba. Duk da haka aka sa ranar yaye ɗalibai, aka gayyato Hajiya Nana Aisha, matar wani ƙusa a jam'iyya. Sai da abin ya matso Luba ta tuna ana bukatar abin da za a nuna wa baƙuwa.

Ta shigo gidan da sallama mai tsawo, ta durƙusa har ƙasa, abin da ta daina yi tun bayan zaɓe.

“Iya, duk birnin nan na duba ban ga mai hannu irin naki ba. Aron bargo ɗaya nake so mu rataya. 'Yan talabijin za su zo, Kano gaba ɗaya za ta gani.”

Ga barguna nan jibge, ko wanne ta miƙa Luba godiya za ta yi, don ba ta san mai kyau da marar kyau ba. Amma tsohuwar da ta shekara da shekaru tana ɗinki ba mai tanka mata sai Malam da akuyoyi, yau an ce talabijin. Kanta ya kumbura. Da kanta ta tashi, ta wanke hannu, ta ɗauko na zannuwan Rahma, don shi ya fi kowanne kyau.

“Aro ne fa, Luba.”

“Aro, Iya. Kafin la'asar yana ɗakinki.”

An yi taron a filin wata makarantar firamare, da rumfuna da fararen kujeru da maroƙi. Aka rataya bargon a gaba, aka liƙa masa takarda cewa aikin ɗaliban ƙungiya ne. Iya 'Yardada ba ta karanta boko, don haka ta zauna a sahun farko tana ta hura hanci, duk wadda ta kalli bargon sai ta yi gyaran murya. Babbar baƙuwa ba ta iso ba sai da rana ta gama gasa kowa. Ta zaga ta ga sabulun da aka sayo a kasuwa aka cire masa takarda, ta ga man shafawa, ta gyaɗa kai. Da ta zo kan bargon ta tsaya, ta shafa shi da hannunta mai zobba.

“Kai, wannan ya yi kyau,” in ji ta.

To kowa ya san in babba ya yaba abu a bainar jama'a, abin ya tashi daga hannun mai shi. Luba ko ƙifta ido ba ta yi ba. Ta karɓi lasifika ta sanar cewa uwarmu Iya 'Yardada, a madadin matan wannan mazaɓa, ta ba Hajiya kyautar bargon nan. Guɗa ta tashi, maroƙi ya kama kirarin Iya, mai ɗaukar hoto ya juyo da na'urarsa kanta, wasu mata suka ɗaga ta tsaye.

Magana ɗaya za ta yi, ta ce zannuwan 'yarta ne, ba wanda zai hana ta abinta. Amma a ce ita, 'Yardada, ta tsaya gaban maza da mata da lasifika ta ambaci waccan? Ta yi wani yaƙe, ta ce Allah ya amfana. Tana kallo aka ninke bargon ba bisa ƙa'ida ba aka cusa a bayan mota.

Washegari ta dira gidan kansila. Luba tana kwance ana matsa mata ƙafa.

“Haba Iya, kyautar da aka yi gaban talabijin? So kike ki tona mana asiri? Ki kwantar da hankalinki, in aka zo rabon kekunan ɗinki ke ce ta farko.”

Abin da Iya 'Yardada ta gaya mata game da keken ɗinki, da risho, da asalin ɗaurin ɗankwalinta, maƙwabta sun ji ta kan katanga sun kuma adana. Sai dai bai dawo da bargo ba. Malam Nata'ala ya ce mata, “Ki je wurin Hajiya Nana Aisha da kanki ki gaya mata gaskiya. Ita ma uwa ce.”

Ta yafa mayafinta na unguwa, ta fita ta Ƙofar Nassarawa, ta hau mota zuwa unguwar masu kuɗi. Ƙofar gidan cike take da masu neman aiki da masu neman kwangila da masu cewa su suka kawo akwatin mazaɓarsu. Ta yi ta sintiri, yau a ce Hajiya na barci, gobe a ce ta tafi Abuja, har dai wata rana aka shigar da ita.

Falon sanyi ƙalau kamar randa, na'ura na ta huci a bango. Hajiya Nana Aisha tana kishingiɗe a doguwar kujera, ta rufe ƙafafunta da bargon. Duk faɗin Kano an samu gida ɗaya da bargon Iya 'Yardada ya yi amfani. Hajiya ta ce tun da aka kawo shi da shi take kwana. Ta ƙara da cewa kwanan nan ba ta jin daɗin jikinta, ciwon kai da munanan mafarkai, ga maigida ana ta yi masa zagon ƙasa a kan muƙamin da ake shirin ba shi, maƙiya sun sa su gaba.

Iya 'Yardada ta jajanta, sannan ta gyara zama.

“Hajiya, roƙo na zo yi. Bargon nan nake so ki mayar min. Zan kawo miki wani, ko biyu kike so.”

“Ikon Allah. Me ke cikin wannan ɗin?”

“Zannuwan wata ce.”

“Wace?”

“Wata ce da ta rasu.”

Hajiya ta janye ƙafafunta daga cikin bargon a hankali.

“Ta rasu? Kayan mamaciya nake kwana da su? Mene ne haɗinki da ita?”

Iya 'Yardada ta dubi kafet. “Waccan yarinyar ce dai.”

“Wace yarinya? Ba ta da suna?”

“Tana da shi. Ni dai ba na faɗa.”

Da a lungun Madabo aka yi wannan magana, ko 'yar talla ta gane inda aka dosa. Amma Hajiya matar zamani ce, nata ɗan farin daga saman bene take rangaɗa masa kira da sunansa na yanka, kuma kanta cike yake da maƙiya. Abin da ta ji shi ne an ɗinka kayan wata gawa marar suna an kawo mata har gado, ga mai ɗinkin ta zo karɓa bayan aiki ya kama. Ta ture bargon da bakin takalmi, ta ce, “Je ki, Baba. Ki dawo jibi.”

Iya 'Yardada ta koma gida da ƙarfinta, har tana gaya wa Malam ai manya sun fi ƙanana sauƙin kai, kuma ta yi maganarta ba tare da ta zubar da girmanta ba.

Ranar da ta koma, maigadi ya ce an hana a bar ta ta shiga. Tana tsaye tana masifa sai ga wata dattijuwa ta leƙo ta ƙaramar ƙofa. Tani ce, 'yar cikin gari, mai yi wa gidan girki. Ta kama hannunta ta zagaya da ita bayan katanga, inda ake zubar da shara, ta nuna mata wani baƙin wuri a ƙasa.

“Kina fita ta aika aka ɗauko mata wani malami,” in ji Tani. “Ya ce a zuba kananzir a ƙone, a binne tokar. Wallahi Iya da aka ba ni labarin yadda kuka yi na gane. Na ce mata 'yar fari ce, kunya ce. Ta ce ni ma a bincike ni.”

Iya 'Yardada ta tsuguna. Ta tona wurin da yatsa, ko za ta samu guntun da wuta ta bari. Ba komai sai ƙasa da gawayi da warin kananzir. Ta daɗe a tsugune, har Tani ta ji tsoro ta ɗaga ta. Baƙin cikin da ta ji ranar ya fi na ranar da aka fita da gawar, don wancan Allah ne ya karɓa, wannan kuwa da hannunta ta wanke ta miƙa.

Labari ya riga ta isa unguwa. Aka daina ɗaukar wayar kansila a gidan ƙusan jam'iyya, tunda ta hannun matarsa sammun ya shigo. Luba ta zo har zaure tana kumfar baki, wai tsohuwa ta kashe musu siyasa. Matan da suka yi guɗa a filin makaranta su ne suka koma cewa dama son a sani ne ya ja mata. Iya 'Yardada ba ta tanka wa kowa ba, abin da Madabo ba ta taɓa gani ba. Khadijat ma ba ta tayar da maganar bargon ba. Ta dai daina tsokanar, ta koma gaishe ta da ladabi safe da yamma, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Biki ya zo. Gwaggwanni suka je Sheshe suka yi jere, suka shimfiɗa wani zanen gado mai ƙyalli da aka sayo a kasuwar Kwari, irin wanda ke gadon kowace amarya a shekarar. Bayan la'asar aka kawo Khadijat ɗakin kakarta ta yi sallama, lulluɓe, ƙawaye na ta hayaniya a tsakar gida. Iya 'Yardada ta fara abin da aka saba, yi na yi, bari na bari, haƙuri da dangin miji. Khadijat ta ɗaga mayafin kaɗan ta riƙo hannunta.

“Iya, ba maganar bargon zan yi ba, ya wuce. Da na yi niyya in an kai min ɗakina ki zo ki zauna, ki nuna min su ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ki dai gaya min, wanne Ummata ta fi son ɗaurawa?”

Iya 'Yardada ta buɗe baki. Ta san zannuwan nan kamar tafin hannunta. Ta san koren mai ganye da ya yi mata gardama wurin yanka, da shuɗin da yake zuba, da jan da bakinsa ya ɗan ci wuta. Ta san wanda ya yi laushi da wanda ko wanki bai sha ba. Ta nemi yarinyar a cikin kowanne, tana shigowa ɗaki ko tana tsaye bakin murhu, sai ta tarar duk a ninke ta san su. Lokacin da suke jikin mai su, ita tana can ta kawar da kai tana kama wani aikin.

A waje direba ya danna oda, wata gwaggo ta leƙo ta ce a yi sauri. Khadijat ba ta saki hannun ba.

“Ban sani ba,” in ji Iya 'Yardada, hawaye na bin fuskarta a gaban gwaggo da kowa. “Ban taɓa tsayawa na kalle ta ba.”